Igiyar da Na Ce Ta Akuya Ce

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a Madina, ina zaune a Harra ta Yamma da matata da 'ya'yanmu biyu cikin rufin asiri. Aibina ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi da ni ya san shi: ba a rabin sa'a da ni ban ambata cewa ni jikan sarkin ruwa ba ne. A bakin kogi aka haife ni, cikin Sarkawa. Kakana yakan nutse cikin ruwan da ya yi jajir da laka, ya lalubo ramin da kifi ya ɓuya, ya fito da shi a hannu, ni ma tun ban kai shekara goma ba nake yi. Sai ga shi neman abinci ya jefo ni garin da ba kogi, sai baƙaƙen duwatsu da dabino. Abokaina na majalisar Alhamis a Aziziya, likitoci da injiniyoyi 'yan Kano da Zariya, suka laƙaba mini kifin tudu. Nakan yi dariya, amma sunan yana cin raina.

Don haka na fara tuƙi zuwa bakin teku a ranakun hutu, na shiga koyon nutso da tukunyar iska. Malaminmu wani dattijo ne Bahaushen Sudan, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, kuma komai nasa a hankali yake yi har ka ji kamar ka tura shi. Cikin 'yan makonni na karɓi takardar matakin farko, ta nutso a sararin ruwa kawai. Wata rana ya nuna mini bakin wani kogo a jikin dutsen murjani, ya ce wannan mamnu'i ne gare ni, wato an hana ni shigarsa. Ya ce kogo karatu ne daban: ana ɗaura igiya tun daga baki a riƙa warware ta ana shiga, ana riƙe fitila uku, ana raba iskar tukunya kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na tsautsayi, sannan akwai yadda ake motsa ƙafa don kada laka ta tashi. Na bari ya gama tsaf, na ce masa a garinmu akuya ake ɗaura wa igiya, kuma yaron da aka taɓa ɗaura masa ita a ƙugu kafin ya shiga ruwa, har ranar aurensa ana yi masa gori. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi kogin kakana sama ce a bisansa, shi kuwa kogo dutse ne a bisansa, in na gane bambancin in dawo mu yi magana.

A wannan shekarar ƙanin matata ya samu aikin injiniya a Madina ya sauka a gidanmu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka ɗa ne a wurinta ba ƙani ba. Ni da shi kuwa wasa ne tsakaninmu ba dare ba rana. Na ja shi teku, shi ma ya samu takardar farko. A hanya nakan cika shi da labarin gida, har na faɗa masa al'adar Sarkawa: idan mai nutso ya daɗe bai ɓullo ba, waɗanda ke cikin kwalekwale sukan bugi gefensa da filafili sau uku, su dakata, su sake, don na ƙasa ya san ana jiransa kuma ya san inda sama take. Abin ya ba shi dariya. Tun daga ranar, in yana son in fito mu tafi masallaci sai ya buga ƙofar ɗakina sau uku ya dakata.

Wata ranar Asabar, muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Matata ta biyo mu har bakin mota da kwandon abinci, ta ce mini ga amanarta nan. Na ce ta kwantar da hankalinta, hannun jikan sarkin ruwa yake. Mun shiga jirgi da wasu masu nutso, dattijon ya tafi wani gefe da sababbin ɗalibansa, ni kuwa na yafito surukina muka sulale zuwa bakin kogon nan, kowa da fitila guda, ba igiya. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Ruwan garau, bangon ja da ruwan ɗorawa, ƙananan kifaye suna watsewa a gaban haskenmu. Muka wuce inda hanya ta rabu biyu ban ko waiwaya ba. Ina ta harba ƙafa da ƙarfi irin na mutumin kogi, ban san abin da nake tayarwa a bayanmu ba. Da na juyo in ce mu koma, sai na tarar ruwan ya zama kamar kunu. Na ɗora fitila a kan hannuna ban ga yatsuna ba. Na kamo damtsen surukina, wani abu ya bugi kaina, na sake shi, da na sake miƙa hannu babu kowa.

Na yi ta lalube, ina jin numfashina yana sauri, ga shi ba na ganin ma'aunin iska. Duk gadon da nake taƙama da shi bai nuna mini gabas ko yamma ba. Da rarrafe na bi bango, gwiwoyina suna gogar dutse, har Allah Ya nufa na hangi wani shuɗin haske na fita. Ba dabarata ba ce. Na ɓullo iskata saura kaɗan, na duba ko'ina a kan ruwa, ba shi.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin rubuto wannan wasiƙa. Da aka jawo ni cikin jirgi aka tambaye ni ɗan'uwana, sai na ce igiyar ruwa ce ta raba mu a gefen dutse. Na ji tsoron rasa iƙamata, wato takardar izinin zama, da aikina, na kuma ji kunyar dattijon nan, sai na yaudari kaina cewa yanzu zai ɓullo maganar ta wuce. Aka kira masu tsaron gaɓa, suka zo da sauri, jirage suka bazu suna bin inda ruwa yake ja. Ina zaune lulluɓe da tawul ina kallon bayin Allah suna neman mutum a inda na san ba ya nan. Matata ta kira na ƙi ɗauka. Ta sake kira na ɗauka, ta ce in ba ƙaninta waya, tana son sanin ko dambun ya ishe mu. Na kashe wayar. Ashe dattijon yana kallona. Ya zo ya tsuguna, ya shafi gwiwar rigar nutsona, ya nuna mini farar lakar da ta manne a yatsansa. Cikin sanyin murya ya ce wannan laka wuri ɗaya ake samunta a duk yankin, kuma in ina da abin faɗa in faɗa yanzu, don tukunyar yaron ba ta jiran kunyata. Nan na fashe da kuka a gaban kowa, na faɗi gaskiya. Kusan minti arba'in na cinye masa da ƙaryata.

Dattijon bai zage ni ba, yalla kawai ya ce, wato mu je. Ya shirya shi da wani ƙwararre ɗaya, suka ɗauki fitilu da ƙarin tukunya da ƙullin igiya. Ya sa aka ba ni sabuwar tukunya, ya kai ni bakin kogon, ya ɗaura igiyar a wani dutse, ya damƙa mini ita, ya yi mini nuni cewa ko taku ɗaya kada in ƙara. Suka shige. Ga jikan sarkin ruwa a durƙushe riƙe da igiya kamar mai tsaron turke. Ina jin ta tana motsi a tafina, kowane motsi ina kiran sunan Allah. Can sai ƙofar ɗakina ta faɗo mini a rai. Na zare wuƙar nutso na bugi tukunyata sau uku, na dakata, na sake. Na yi ta yi har hannuna ya mutu. Na fara yanke ƙauna ke nan sai na ji shi, can nesa, ƙarfe yana bugun ƙarfe sau uku. Na yi ihu cikin ruwa har bututun iska ya kusa fita daga bakina.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga haske ɗaya, na ga na biyu, sannan na ga mutum uku suna tahowa a hankali, hannun kowa a kan igiyar nan. Surukina yana tsakiya, takalmin iyonsa ɗaya babu, amma idonsa biyu. Daga baya ya ba mu labari cewa ya bi ɗaya hanyar, ta kai shi wani lungu da rufinsa ya ɗaga sama da ruwa, inda wata 'yar tsaga take shigo da iska. Tukunyarsa ta ƙare, sanyi ya kama shi, har ya yi kalmar shahada ya yanke shawarar ya riƙe numfashi ya faɗa cikin duhun ko Allah zai sa ya dace. Yana shirin sakin dutsen ya ji bugun. Ya ce nan take ya san ana jiransa, sai ya zauna ya amsa, amsar kuma ita masu ceton suka bi. Da muka hau jirgi, Balarabe da Bahaushe da Ba'indiye kowa kabbara yake yi, wani jami'i ya rungume dattijon yana sumbatar kansa.

Na maimaita wa hukuma gaskiya, na karɓi hukuncin da ya dace da ni, aikina kuma Allah Ya tsare. Mai wuyar ita ce matata. Na faɗa mata komai har da ƙaryar, ta yi mako uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Surukina ne ya sasanta mu, wata la'asar a farfajiyar Harami, ya ce mata mutumin da ya kai shi ramin shi ne kuma ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, shi ya yafe.

Da wa'adin hana ni nutso da aka ɗiba mini ya cika, na koma wurin dattijon na ce masa na gane bambancin sama da dutse. Shekara biyu na yi a hannunsa ina koyon abin da na raina. Ranar da na kammala, kogon nan muka koma. Ni na ɗaura igiyar da hannuna, na shiga ba tare da na tayar da ƙwayar laka ba, na kai har lungun, na ɗauko takalmin surukina na kawo masa gida. Yanzu idan mai nutso ya ɓace ina cikin 'yan sa kai da ake kira, kuma tambayar farko da nake yi wa abokin tafiyarsa, a keɓe, ita ce ya faɗa mini ainihin inda suka shiga.

'Yan'uwa masu sha'awar ruwa, iya iyo daban, kogo daban, kuma gado ba ya maye gurbin karatu. Kada ku shiga inda ba a horar da ku ba, kada ku ja wani. In kuwa tsautsayi ya riga ya afku, ku faɗi gaskiya a minti na farko, don ana iya wanke kunya amma ba a mayar da numfashi. Igiyar ranar nan tana rataye a falona, dattijon ya bar mini ita. 'Yan majalisa sun sauya mini suna daga kifin tudu zuwa akuyar sarkin ruwa, kuma duk wanda ya kira ni da shi ina amsawa da ƙarfi, surukina yana gefena yana zuba mana shayi.