Ƙoƙon da Bai Tsallake Rafi Ba

Akwai wani ɗan rafi da ya ratsa tsohon garinmu, can wajen Malumfashi, ya bi ta bayan ganuwa ya wuce ta gindin marina. Da rani ko kaza ba ta shakkarsa. Shi ya sa tatsuniyar da kakarmu Iya Lami ta fi so ta daɗe tana ɗaure mini kai.

Bayan an ci tuwo sai mu zagaye murhu, masara na gasuwa, ita kuma tana kaɗin auduga. Da ta ce ga ta nan, mu ce ta zo mu ji ta, sai ta ɗauko labarin wata yarinya da ta yi aure cikin gari, ƙanenta yana ƙauye a tsallaken rafi. Duk shekara in an yi girbi, yarinyar ta daka gumbar sabon gero ta zuba a ƙoƙo, ta ɗora bisa ruwa, ta roƙi rafi ya kai wa ƙanenta. Rafi ya karɓa, amma shi gangarawa ya iya, bai iya tsallakawa ba. Ƙoƙo ya tafi, yaro bai gani ba. A nan Iya take tsayawa. Ba dodo, ba wanda aka hukunta.

Ran nan na kasa haƙuri. "Iya, ruwan da bai kai gwiwa ba? Me ya hana ta kai masa da hannunta?"

Ta tsayar da mazari. "Ɗan nan, ba zurfi kaɗai ke hana mutum tsallake ruwa ba. Juya masararka kar ta ƙone."

Na ji haushi, na ɗauka tsufa ne ya mantar da ita ƙarshen.

Ranar da ta rasu, muna hanyar maƙabarta, na hangi wani tsoho tsaye a wancan gefen rafi. Ya sunkuya ya ɗora ƙoƙo bisa ruwa, ya juya. Babana ya ce ƙanen Iya ne. Danginta na kan addinin kaka da kakanni. Tun da ta musulunta ta auri kakanmu ba ta koma ba, shi ma bai zo ba. Na tambayi Baba wa ya hana su, ya ce shi ma bai sani ba.

Yanzu an yi gada, har motoci na hawa. Duk lokacin da na haye sai zuciyata ta yi nauyi. Har yau ban gane ba, ko zumunci take koya mana, ko jira take wani cikinmu ya ce, "Iya, kawo ƙoƙon in kai masa."