Shekarar da Namijin Gwanda Ya Haihu

Kwanakin baya ina zaune a bakin shagona a kasuwar Singa, ana sauke mini katan-katan na taliya, sai na ji wata ƙara daga bayan motar, kamar ƙaramin ƙaho da mura ta kama. Na leƙa, ashe yara ne suka samo karan ganyen gwanda suna busawa. Ni da ba na ɗauke ido daga kaya in ana saukewa, ranar sai da direba ya yi mini magana sau biyu. In ka tashi a gidan da ke da gwanda ka san wannan ƙarar, ka kuma san ɗacin da karan yake bari a leɓe.

A Fagge aka haife ni, a gidan haya, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Baba ɗinkin buhu yake yi a tashar jirgi. Da safe zai soka basillarsa a hula, ya cusa ƙullin zare a aljihu, ba ma sake ganinsa sai la'asar sakaliya. Mutum ne marar magana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, kuma ina jin ni ce na fi kowa jin muryarsa a gidan. Inna kuwa yarinya ce a lokacin. Yanzu in na duba, 'yata ta fari ta girmi Inna ta wancan lokacin nesa ba kusa ba. Daga ƙauye aka kawo ta, kuma ita ba ta iya ganin ƙasa a zaune ba abin da ke fitowa daga cikinta.

Tsakanin bayan ɗakinmu da katanga akwai wani ɗan lungu, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Nan ta yi gonarta. Tsohon baho, bokitin da ya huje, gwangwanin manja, duk ta cika da ƙasa da kashin awaki. Alayyahu a nan, yakuwa a can, attaruhu, kuɓewa. Ta kewaye su da tsohon gidan sauro saboda akuyar maƙwabta. Ruwa saya ake yi a wajen 'yan ga-ruwa, don haka ba ɗigon da ke tafiya a banza. Alwala a kan yakuwa ake yin ta. Ruwan wankin shinkafa na attaruhu ne. Ƙanwata, wadda a lokacin take koyon magana, kullum da safe sai ta sa yatsa ta tono irin da aka shuka ta ga ko ya farka daga barci. Inna ta bi ta da tsawa, ta dawo tana mayar da irin tana dariya.

Iri kuwa a wajen wata mata take samowa a kasuwar Sabon Gari, Kirista ce 'yar wajen Zariya, tana sayar da ganye da 'ya'yan itace. Mama muke ce mata. Ta girmi Inna sosai, ta riƙe ta kamar ƙanwa, kuma ranar Lahadi in ta taso daga coci takan biyo ta Fagge ta duba gonar ta yi ta kushe. "Ke, wannan alayyahun yunwa yake ji ko azumi yake yi?"

Ina da kamar shekara bakwai Inna ta haifi namiji. Ina tsaye ungozoma ta wanke mabiyiya, ta haƙa rami a ƙarshen lungun nan, jikin katanga, ta binne ta danne da ƙafa. Yaron bai kai ranar suna ba. Baba ya ɗauke shi a hannu cikin farin ƙyalle, shi da maza kaɗan suka fita. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Inna, "Sai haƙuri." Washegari ya soka basillarsa a hula ya tafi aiki, kuma daga ranar ban ƙara jin ya ambaci yaron ba.

Inna ta ci gaba da wankan jego har ta yi arba'in, ruwan zafi safe da yamma, ba jariri a kan gado. A cikin kwanakin ne Mama ta kawo mata gwanda nunanniya, ta zauna ta yanka ta tilasta mata ci. Da ta tafi, na ga Inna ta kwashe 'ya'yan a tafin hannu ta zagaya baya, ta zuba su daidai inda ungozoma ta danne da ƙafa. Da damina ta sauka suka fito da yawa. Ta cire duka ta bar ɗaya.

Gwandar ta yi girma da sauri. Ta wuce ni, ta wuce Baba, ta leƙa bayan katanga. Inna kan zauna a gindinta tana tsince shinkafa, wani lokacin hannunta ya tsaya a cikin faifan ta daɗe. Sai ga fure ya fito, amma ba a jikin itacen ba, a kan wasu dogayen zaruruwa da ke reto, farare, masu ƙamshi da magariba. Matan gida suka gani suka kwashe da dariya. Namiji ne. Namijin gwanda fure kawai yake yi, ba ya haihuwa.

Mama ta zo ta ɗaga kai ta duba. "A garinmu tsohon zani ake ɗaura masa a ƙugu, a buga masa ƙusa. Kunya za ta sa ya koma mace."

Inna ta ce, "A'a Mama, a bar shi yadda Allah Ya yi shi."

Mama ta dube ta, ta dubi gindin itacen, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Mai gidan da muke haya wani dattijo ne, Alhaji, yana zaune a sashen gaba da iyalinsa. Manomi ne a ƙuruciyarsa kafin ya shigo birni. Wata bazara ya ce ya gaji da caɓi, za a daɓe gidan duka da siminti kafin ruwa ya sauka, har lungunan baya. Baho da bokiti ana iya ɗagawa a mayar. Gwanda dai sai sara.

Inna, wadda ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ta fito ta durƙusa daga nesa. "Alhaji, don Allah a taimaka a bar mini gwandar nan."

"Yarinya, wannan ai namiji ne. Inuwar kirki babu, 'ya'ya babu, sai tara shara." Ya ga ba ta tashi ba, sai ya mayar da abin wasa. "To na ji. In ya haihu kafin magina su zo, sai a kewaye shi."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Inna ta juya ta dubi Baba, yana zaune a rumfa yana murza zare a cinyarsa. Ya ce, "To Alhaji, Allah Ya ƙara girma." Shi ke nan abin da ya ce.

Daga ranar ɗakinmu ya yi sanyi. Ba faɗa, ba ɗaga murya, su ba masu wannan ba ne. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka ma haka. Amma 'yar hirar da suke yi bayan isha ta mutu, kuma Inna ta daina yi wa ƙanwata waƙa in tana mata kitso. Aka juye yashi a ƙofar gida. Aka jibge buhunan siminti a zaure. Mu yara muna ta murna da yashin, ita kuwa kullum da safe sai ta ɗauki butarta ta je ta yi alwala a gindin itacen da za a sare.

Ana gobe magina za su fara, Baba ya dawo da wuri. "Uwata, sa takalminki ki raka ni." Muka ratsa ta Bata, yana riƙe da hannuna cikin turereniyar mutane da masu baro, muka shiga Sabon Gari har rumfar Mama. Suka gaisa. Ya tsaya yana jujjuya gwandojin da ke gabanta, ba ya matsa su ya ji nuna kamar yadda masu saye suke yi, wajen kan kawai yake dubawa.

"Malam, me kake nema ne?"

"Ɗanya nake so. Mai ɗan sauran kara a kanta."

Mama ta ajiye wuƙar hannunta. "Ci za a yi, ko ratayewa?"

Baba ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sai kuma ta goge ido da bakin ɗankwali. Ta tone kwandon har ƙasa. Mai kara guda ɗaya ce tak, ƙatuwa, gefenta ɗaya ya fara yin ruwan ɗorawa. "Ita ke nan gare ni. Ka juya jan wajen katanga. Ke kuma 'yar Inna, bakinki alaikum."

A zaure muka ɓoye ta, bayan buhunan siminti. Da gari ya fara haske Baba ya dawo daga masallaci, Inna tana ɗaki tana lazimi. Ya kifa turmi a gindin itacen, na riƙe masa, ya hau. Ya zaro basilla daga hula, ya huda karan gwandar, ya zagaya da zaren buhu a wuyan itacen a ƙarƙashin ganye, ya ɗinke tsaf kamar bakin buhun gyaɗa. Farin ƙaro yana ɗiga a hannunsa. Ya sauko ya ja da baya ya duba aikinsa.

Na shekara da shekaru ina kasuwanci. Na ga shinkafar da aka canza wa buhu, na ga man da aka sirka, kuma ba na jin akwai wanda zai yi wa kaya kwalliya ya wuce ni da su. Amma ban taɓa ganin algus ɗin da ya kai wannan rashin iyawa ba. Itacen siriri, gwandar kamar an rataye tulu a jikin sanda, ga furen namiji yana reto a kewaye da ita, ga jan ya ƙi zama wajen katanga, ya juyo yana kallon tsakar gida.

Inna ta fito da buta. Ta tsaya. Ta dubi gwandar, ta dubi Baba, shi kuwa ya duƙufa neman takalminsa da ke ƙafarsa. Ta kai gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ban gane dariya take yi ko kuka ba.

Hantsi ya yi, Alhaji ya shigo da magina, ɗaya yana riƙe da adda. Matan gida suka fito bakin ƙofofinsu, wata ta tura ɗankwali a baki. Alhaji ya isa gindin itacen ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi Baba. Ya dubi Inna da ke durƙushe a bayan baho, sai kuma ya sauke ido ya dubi ƙasar gindin itacen, wadda ta jiƙe da ruwan alwala. Ban sani ba ko Hajiyarsa ce ta faɗa masa wani abu, ko shi da kansa ya gane.

"Ikon Allah," in ji shi. "Na yi noma tun ina yaro, ban taɓa ganin namiji ya haihu ba sai a gidana. Kai mai adda, ajiye. Ku kewaye shi da bulo."

Ya sa aka miƙo masa turmin, tsoho da shi ya taka da kansa, ya ce nunan fari na mai gida ne. Ya yanke gwandar da 'yar wuƙarsa, ya warware zaren ya dunƙule a hannu ya jefa a aljihu. Da zai wuce ta gaban Baba ya rage murya, amma ni ina kusa. "Malam, ɗinki ya yi kyau. Gaba dai a nemi ɗanya."

Da yamma aka aiko mana da rabin gwandar a faranti. Inna ta yanka, ta fara miƙa wa Baba.

Itacen ya yi shekaru a cikin kewayensa na bulo, yana fure yana zubarwa. Wata damina iska ta kwantar da shi, kamar yadda take yi wa kowace gwanda in ta tsufa. Lokacin Inna tana goye da wani ƙanena. Ta sa aka janye shi, ta shuka barkono a wajen.

Yanzu gidan nan babu shi. Magada sun sayar, an rushe an yi sito, kamar yawancin gidajen layin. Ba zan yi ƙorafi ba, ni ma a irinsu nake ajiye kayana, kuma gidan da na gina ko tafin hannu na ƙasa ban bari ba, duk tayil ne. Yarana sun san gwanda a leda ne kawai, a yanke. Baba ya daɗe da rasuwa. Inna tana wajena, ta tsufa, ta cika mini baranda da robobin fenti da yakuwa, jikoki suna tona mata iri tana bin su da sanda.

Rannan ina matsa mata ƙafa na tambaye ta, ko ta san Alhaji ya gane a lokacin.

"Wa bai gane ba? Har akuyar maƙwabta ta gane." Ta yi dariya, sai ta juya tana kallon robobinta. "Ni ba Alhaji nake kallo ba. Ban taɓa faɗa wa babanki dalilin gwandar nan ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka ya binne yaron ya manta. Da na fito na ga abin nan a rataye, sai na san ashe mu biyu ne."