Shekarar da Aka Raba Tukunyar Gidanmu

Shekaranjiya ina wucewa ta wani lungu wajen Ƙofar Kuyambana sai ƙamshin ƙanzon tuwo ya buge ni, irin wanda ake ƙanƙarowa daga gindin babbar tukunya. Na tsaya cak. Dama kwana biyun nan ina ta karance-karance a waya kan gurguzu da tallafin gwamnati, ni da ban taɓa zama ajin jami'a ba, har abokaina sun gaji da surutuna. To bari in ba ku labarin inda abin ya samo asali.

Gidanmu gidan masu ɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zazzau. Kakanmu, wanda kowa ke kira Malam, shi ke jan salla a masallacin unguwa. 'Ya'yansa maza huɗu duk suna gidan da iyalansu, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Wanda ya sayar da riga ya kawo buhun masara, wanda kasuwa ta ƙi shi ya zauna, da yamma kowa a zuba masa. Ba mai tambayar wa ya kawo me.

Babana shi ne babba, shi ne kuma gwanin zare a cikinsu. Amma ina ɗan shekara tara idonsa ya tafi a hankali, har ya daina ganin kafar allura. Mu dai yara ba mu ga wani canji ba. Kwanonmu yana zuwa kamar kullum.

Autansu, Baffa, shi ya yi boko, yana koyarwa a jami'a, reshen Kongo da ke nan Zazzau. Wata bazara, ana zafin nan da ko bangon ƙasa ba ya sanyi, ya zo da wani Bature mai bincike. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ci tuwo da miyar kuka yana gumi, yana tambaya Baffa na fassarawa. Da Baturen ya gane yadda ake ciyar da gidan sai murna ta kama shi. Ya ce a ƙasarsu an ɗauka a Najeriya kowa ta kansa yake yi, gwamnati ba ta riƙe kowa, ashe ga abin da su suke ta faɗa a kansa a majalisa ana yinsa a nan cikin ruwan sanyi.

Da damina ta faɗi Baffa ya dawo da wata takarda da aka buga a can waje, da hoton Malam a zaure. Da alfahari ya kawo ta. Ya karanta ya fassara: wai wannan gida misali ne na gurguzu.

Malam ya ajiye carbinsa. "Sake faɗa."

"Yabo ne fa, Malam. Yana nufin ana riƙe marar ƙarfi."

"Gurguzu da na sani, na waɗanda suka rufe masallatai ne. A rediyo na ji, tun ba a haife ka ba. Ni za a kai hotona ƙasar waje a ce nasu ne?"

Kafin sati labari ya zaga unguwa. Wani tsoho abokin wasan Malam, da sun haɗu a ƙofar masallaci sai ya ɗaga murya: "Barka da fitowa, liman na Rasha! Yaushe za a raba mana rigunanka?" A yi ta dariya. Malam bai yi ba. Shi da Baffa suka yi kwanaki suna ja. Baffa ya ce ƙasashen da ke ba da magani da karatu kyauta ma haka wasu ke yi musu kallon 'yan gurguzu daga nesa, alhali su ba haka suke kiran kansu ba. Malam ya ce shi bai san wannan ba, abin da yake yi zumunci ne, kuma ba zai bari a sa masa wata riga ba.

Wata Juma'a bayan an sauko Malam ya tara 'ya'yansa ya ce daga gobe kowa ya ɗora tukunyarsa, kada a sake kiran gidansa na gurguzu.

Sai a lokacin na gane mu ne abin zai faɗa wa. Washegari aka kafa murhu uku a tsakar gida, hayaƙin ɗanyen itace ya cika ko'ina. Ƙofarmu ce kawai babu wuta. Innata ta zauna tana tsintar wata 'yar shinkafa da ba ta kai ta ƙoshar da mutum biyu ba.

Ba a bar mu da yunwa ba, in faɗi gaskiya. Matan baffannina kowacce ta aiko da kwano. Mu yara har murna muka yi, abinci kala uku! Amma kowane kwano sai an ce a je a yi godiya. Babana ya laluba ya ture nasa.

"Jiya rabona nake ci," ya ce wa Inna. "Yau sadaka aka kawo min."

Kwana uku bai ci abincin gidan ba, sai koko da Inna ke dama masa. Kakarmu mace ta shiga turakar Malam, ba mu ji me ta faɗa ba, mun dai ji muryarta ta ɗaga, abin da ba ta saba ba.

Malam ba mutum ne da ke janye magana a gaban jama'a ba, kuma bai janye ba. Abin da ya yi, a rana ta huɗu ya ɗauki buzunsa ya zo ƙofar ɗakinmu ya shimfiɗa. Ya ce daga yau abincinsa, na kowane murhu, nan za a riƙa kawowa, kuma a cika kwano don cinsa ya ƙaru. Abincin maigida ba a yi masa godiya, haƙƙinsa ne. Ya wanke hannu, ya kama hannun Babana ya sa a cikin akushin.

"Ci mana. Ko sai na ba ka a baki kamar da?"

Babana ya ci. Haka suka yi ta ci tare har Malam ya rasu, mu kuma muna cin abin da ya rage, wanda kullum ya fi ƙarfin cikinmu.

Tukunyar ba ta sake haɗuwa ba. Yau gidan kowane sashe da ƙofarsa da ɗan gas ɗinsa. Ni kuma in na shiga muhawara a waya, wani ya ce waccan ƙasa ta gurguzu ce, wani ya ce tamu ba ta da tausayi, ba na tsayawa kan sunan. Tambaya ɗaya nake yi musu: wanda ake bai wa ɗin, sai ya je ya yi godiya?