Hujjar ƙanena

Bayan yaƙin basasa, ƙanena mai karatun lissafi a jami'a a Zariya ya zo garinmu Kuyello hutun damina. Ya same ni a gona ana gayya, da takarda a hannunsa, yana murna.

"Yaya, na samo hujja! Tun kafin a kunna kwamfuta, zan iya tabbatar da cewa aikin da aka ba ta ba zai wuce mataki kaza ba."

Ni hujjar gaban alƙali kawai na sani. Na ce, "Ina shaidunka? Kama fartanya, malam." 'Yan gayya suka kwashe da dariya.

Ya ninke takardar. Bai sake yi mini zancen karatu ba, har zazzaɓi ya yi ajalinsa a lokacin kaka. Da na ce masa, "Zauna ka nuna mini," me zai rage ni?