Jatau Mai Tsire da Hannun da Ba Ya Jin Wuta

A shekarun da Dahome ta fara mulkin kanta, duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Kwatano a gar, wato tashar jirgi, ta Parakou, ƙamshin tsiren Jatau ke fara yi masa maraba. Jatau mutumin ƙasar Zazzau ne, ya biyo fataken shanu yana saurayi, ƙafa ta tsaya masa a nan. A nan ya karɓi Almasihu, a nan ya auri Lauratu, wadda uwarta 'yar wajen Djougou ce. Shi kaɗai ne Kirista a cikin masu nama, saboda haka ba ya yanka. Wani dattijon mahauci, Baba Salihu, shi ke yankawa ya kawo masa. Kowa ya san da haka, kowa yana cin tsirensa ba shakka.

Amma ba tsiren ne ya fitar da sunansa ba, hannunsa ne. A hankali Jatau ya lura wuta ta daina damunsa. Sai ya sa yatsu ya gyara garwashi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Fatar takan tashi, ya shafa man kaɗe ya ci gaba, tunda ba zafi. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, sukan taru kallo, wani ya ce, "Jatau, ba ni wuta," shi kuwa ya ɗauko garwashi ya kunna masa taba.

Wata Lahadi ya tashi a majami'a ya ba da shaida. Ya ce Ubangijin da ya tsare samarin nan uku na Littafi Mai Tsarki a cikin tanderun wuta ya tuna da shi ma, talaka mai tsire. Aka ɗauki waƙa, mata suka yi guɗa. Daga ranar iyaye suka riƙa kawo masa yara masu zazzaɓi ya ɗora musu hannu. Jatau ba maƙaryaci ba ne, da zuciya ɗaya ya gaskata. Duk sanda shakka ta zo masa, hannunsa yake dubawa, sai ta tafi.

Ran nan da hantsi Baba Salihu ya kawo nama, ya tarar Jatau ya tuɓe riga yana faskare. Tsohon ya tsaya yana kallon bayansa, ya daɗe. Jatau farin mutum ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da wani tabo mai haske-haske a kafaɗarsa.

"Baba, yau kuma ƙashi nawa ka ɓoye mini a cikin cinyar?"

Baba Salihu bai yi dariya ba. Ya ce, "Zauna, ɗana. Rufe idonka."

"Musuluntar da ni za ka yi a ɓoye?"

"Rufe dai. In ka ji na taɓa ka, ka yi magana."

Jatau ya rufe ido yana murmushi. Ya jira, ya jira. Ya ce, "To, taɓa mana, Baba, rana tana yi."

Da ya buɗe ido sai ya ga tsinken tsire a tsaye cikin naman hannunsa, jini yana gangarowa zuwa gwiwar hannun. Baba Salihu ya zare tsinken da ya soka masa.

"Inna lillahi. Haka kawuna ya fara. Jatau, wannan ba baiwa ba ce. Kuturta ce."

Jatau kuwa jinin yake kallo kamar na wani. Likita ma da aka je wurinsa, abin da ya faɗa ke nan.

Kafin la'asar labari ya gama gar. Mutumin da ya ci tsirensa jiya ya tsaya bakin kwata yana kakarin amai. Matar da ta kawo masa ɗanta makon da ya wuce ta dirje kan yaron da toka da sabulu har ya yi ja. Ran Lahadi ba wanda ya kore shi daga majami'a, sai dai bencin da ya zauna shi kaɗai ya zauna a kai. Fasto ya biyo shi gida da kalmomi masu taushi. Jatau ya miƙa masa hannuwan nan biyu ya ce, "Fasto, a nan nake ganin Allah. Ashe cuta nake yi wa sujada. Yanzu ina zan duba?"

Tun daga ranar bakinsa ya mutu ga addu'a. Ko ta cin abinci ya daina.

Lauratu ta ɗaure kayansu suka hau kamiyo zuwa Djougou, inda ake ba masu irin ciwonsa ƙwayoyin magani. Kawunta ya ba su ɗaki a gefen gonar doya wajen Sérou, nesa kaɗan da mutane. Ita ta shiga sana'ar man kaɗe tare da matan ƙauyen. Kowace safiya kafin ta fita sai ta jiƙa masa hannuwa da ƙafafu a ruwa, ta bi su da ido a hankali tana neman ƙaya ko ƙuna, yadda likita ya koya mata. In ta ajiye tuwo, ita ke haɗa hannu ta yi godiya. Shi sai ya zuba wa bango ido har ta ce amin.

"Maigida, ko amin ɗin ba za ka taya ni ba?"

"Wanda kike yi wa magana ya san inda nake."

Haka damina ta wuce. Ciwon ya tsaya, amma ji bai dawo ba, yatsu biyu kuma sun lanƙwashe.

Wata safiya Lauratu tana suyar ƙwarar kaɗanya a babban kaskon ƙarfe. Ta juya ɗauko itace, ƙwarar ta fara ƙauri. Jatau yana zaune kusa. Hannun mai tsire bai manta aikinsa ba, kafin ya yi tunani ya tashi ya kama kaskon da hannu biyu ya ɗaga daga murhu. Yana jin ƙaurin fata, bai san tasa ba ce.

Ƙarar da Lauratu ta yi har gonar kawu aka ji. Ba ta nemi tsumma ba. Ta zabura ta fizge kaskon daga hannunsa da nata hannun tsirara, ta yi taku da shi don kada ya zube masa a ƙafa, sannan ta sake shi. Ta durƙushe tana yarfa hannu, tana kiran sunan Yesu.

Jatau ya tsaya kamar an dasa shi. Tafin hannunta duka biyu ya yi fari, fatar tana tashi a gabansa. Ya dubi nasa, su ma sun ƙone, amma shiru suke kamar itace.

"Lauratu! Kin haukace ne? Ni ba na ji! Ke da kike ji, me ya kai ki?"

Ta ɗago, hawaye da majina sun haɗu, ta ce, "To in ban ji maka ba, wa zai ji maka?"

Ya zauna a ƙasa. Sau nawa ya ji ana wa'azi cewa Almasihu ya ɗauki ciwonmu a jikinsa, ya ce amin da ƙarfi, alhali shi Allahn da yake nema mai hana jin zafi ne. Ga shi yau zafinsa yana ihu a bakin matarsa.

Matan ƙauye suka zo suka ɗaure mata hannuwa. Da rana matar kawu ta aiko da sakwara. Lauratu ba ta iya ɗaukar ko loma, sai Jatau ya wanke hannu, ya lalubo cokali da lanƙwasassun yatsunsa, ya ɗebo ya kai bakinta. Ta kau da kai.

"Ba a yi godiya ba, Maigida. Ni kuwa ka ga hannuna ba ya haɗuwa."

Ya daɗe da cokalin a sama. Sakwarar har ta fara sanyi. Can ya ajiye, ya haɗa ƙonannun hannuwansa, ya ce:

"Ya Ubangiji, na neme ka inda ba zafi. Ashe kana inda zafin yake. Ga abinci, mun gode."

"Amin," in ji Lauratu. "Gajeriya ce, amma za ta yi. Ba ni, yunwa nake ji."

Jatau bai koma Parakou da zama ba, bai kuma sake hura wutar tsire ba. Ya tsufa a Djougou, shi ke share ƙaramar majami'ar unguwarsu yana buga ƙarfen kiran sujada. Baba Salihu in ya zo cin kasuwar shanu yakan biya, su zauna a tabarma ɗaya Jatau yana tsokanarsa da ƙashin cinya. In baƙon mai wa'azi ya ce wa ke da shaidar al'ajabi, Jatau ba ya tashi. Sai dai ya waiwaya ɓangaren mata, inda Lauratu ke tafa waƙa da tafinta mai tabo, a hankali, don har ta mutu fatar wurin ba ta daina yi mata zafi ba.