Hular da Malam Zailani Bai Kawo Wanki Ba

Duk wanda ya daɗe a unguwar Sabo ta Ibadan ya san Malam Zailani mai hula, ko da bai taɓa sayen hularsa ba. Ni kuwa na san shi fiye da kowa, domin sana'ata wankin hula ce, kuma rumfata manne take da tasa. Duk hular da ya gama ɗinkawa ta hannuna take fara bi. In wanke ta, in sa mata sitaci, in ɗora ta kan gungumen katako in daka har ta tsaya, sannan mai ita ya zo ya karɓa.

Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau ya zo yana saurayi, a saman motar albasa. Ya yi dako a kasuwar Shasha har wuyansa ya ce ya gaji, sai ya tuna da allura da zaren da kawunsa ya koya masa a gida. Ya samu gefen wani shago a Sabo ya shimfiɗa tabarma, kuma daga nan bai sake ɗaukar kayan kowa a ka ba. Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Hula ɗaya takan ɗauke shi makonni, amma in ka sa ta ka shiga taro, sai an tambaye ka wa ya yi.

Matsalar Malam Zailani bakinsa ne. Tun da injinan surfani suka shigo unguwa, masu zana hula su gama kafin shayi ya huce, ya ɗaura ɗamarar faɗa da su. Masu markaɗe yake kiran masu su. In muna zaune a majalisa wani ya iso da sabuwar hula, sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ba ya duba wajenta ma, juya ta yake yi.

"Hula a ciki ake ganin ta," in ji shi. Sai ya nuna mana yadda aikin hannu yake da zare kala ɗaya ciki da waje, na inji kuwa bayansa duk farin zare ne, ga guntattakin farar takardar da ake mannawa kafin injin ya hau. Sannan ya mayar wa mutum hularsa a juye. Ina yin dariya a lokacin, amma gaskiya wulaƙanci ne.

Wanda ya fi shan wannan shi ne Suhaibu, haifaffen Sabo, wanda Yarbanci ya fi gudu a bakinsa fiye da Hausa. Shi ya fara kawo injin mai kwamfuta layinmu. Ran da ya zo gaishe mu da hular da ya yi wa kansa, Malam ya juya ta gaban jama'a ya ce, "Wannan ai rariya ce, a kai wa mata su tankaɗe gari."

Suhaibu ya karɓi abarsa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, abeg. Abinci muke nema."

Ni na fara gane idon Malam ya soma tafiya. Sai ya riƙa miƙo mini allura in zura masa zare, yana zagin allurar zamani wai ba ta da kafa. Wata rana ya kawo mini hula, na ga kore ya shiga inda shuɗi ya kamata. Na ce, "Malam, ka je a duba maka idon nan." Ya juyo ya ce wa ya gaya mini idonsa yana ciwo, in kula da sitacina. Na san abin da yake tsoro. In aka ji a Sabo cewa mai ɗinkin hula ba ya ganin zare, sunansa ya tafi, kuma ban da sunan nan ba shi da komai.

Ana cikin haka Alhaji Dabo ya zo. Falken goro ne, kuma amininsa tun suna dako tare a Shasha. Dabo bai taɓa ɗora hular wani a kansa ba sai ta Zailani. Ya ce zai aurar da 'yarsa Raliya, baƙi za su zo har daga Kano, yana son hular da za ta rufe bakin Kanawa.

"An gama," in ji Malam. Na dube shi, bai dube ni ba.

Abin da ya yi sai daga baya muka sani. Ya ɗauki wata tsohuwar hularsa mai zanen da shi kaɗai yake yi, ya hau keke ya tafi can cikin unguwar Mokola inda ba a san fuskarsa ba, ya ba wani Bayerabe mai surfanin fila, hular Yarbawa, ya kwaikwaya masa. Abin da bai sani ba, aikin ankon biki ya yi wa Bayeraben yawa, kuma duk hular Hausawa da ta zo masa Suhaibu yake tura wa. Suhaibu na ganin zanen ya gane mai shi. Ya yi aikin, ya mayar Mokola, bai gaya wa kowa ba.

Hular ba ta biyo ta hannuna ba. Malam ya san in na juya ta zan gani, don haka a gida ya sa mata sitaci da kansa, ya tsittsinke takardar da yatsu iyakar abin da ya iya ji. Da ya kawo mini, wallahi da na cire masa ita tas, na kuma riƙe bakina. Amma kunya ba ta bar shi ya yarda da ni ba.

Ran ɗaurin aure Alhaji Dabo ya fito da ita, kuma ta yi kyau. Yana ta nuna ta ga baƙinsa yana cewa, "Aikin hannun aminina ne. A Kanonku ma ba za ku samu irinta ba." Malam yana gefe yana murmushin dole.

Sai aka kira Azahar. Malam Zailani ya manta abin da kowane Musulmi ya sani, cewa ba a shafar kai da hula a ka. Muka jeru a wurin alwala na masallaci, Dabo ya cire ta ya ajiye a kan dakali, bakinta yana kallon sama. Farin zaren nan ga shi a fili, ga guntattakin takarda manne a gindin zane. 'Yan unguwa da ke wurin kuwa duk Malam ne da kansa ya koya musu inda ake dubawa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma na fi so a ce an yi. Wani baƙo ya leƙa, ya dubi ɗan'uwansa. Dabo ya kalli hular ya daɗe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, sannan ya ɗauka ya mayar kansa. Malam Zailani yana tsugune kusa da ni, bai ga komai ba, shirun ne ya gaya masa. Ya ajiye buta a hankali. Ni da ba ni na yi ba, na kasa ɗaga kai don kunya.

Ya daina zuwa majalisa, ya koma yin salla a wani masallaci na Mokola. Wata safiya ya zo rumfa zai kwashe kayansa, sai ga Alhaji Dabo, da hular a kansa.

"Alhaji, ka cire ta," in ji Malam. "Ya isa haka."

"Ba zan cire ba. Ni ba hular ce ta dame ni ba, Zailani. Mun ɗauki buhu tare, mun ci a kwano ɗaya, idonka ya lalace ka rasa wanda za ka gaya wa sai Bayeraben Mokola?"

Malam ya zauna kan tabarmarsa ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin yana kuka ba sai ranar, sai na juya na ci gaba da dukan gungumena don kada a ji.

Dabo ne ya kai shi asibiti aka cire masa yanar ido. Yana ganin hanya yanzu, yana gane fuska, amma kafar allura ta fi ƙarfinsa har abada. Da ya warke Suhaibu ya zo ya durƙusa ya ce yana son Baba ya riƙa zama shagonsa, domin injin yana da gudu amma ba shi da zane. A nan ne Malam ya ji wanda ya yi masa hular Dabo. Ya tambaye shi me ya hana shi faɗa. Suhaibu ya ce, "Baba, sirrin kwastoma ne."

Yau in ka bi layinmu za ka gan shi a shagon, ya ba titi baya, yana faɗa wa Suhaibu inda zane zai karya, yana tsinke takarda da yatsu. Bai koma majalisa ba, kuma ba na jin zai koma. Rannan na kai musu hulunan da na wanke, sai wani baƙo ya shigo ya ɗauki ɗaya ya ce, "Baba, an ce kai ne Zailani mai hula. Wannan aikin hannunka ne?"

Malam ya karɓe ta, ya juya cikinta waje, ya miƙa masa.

"Ta inji ce," in ji shi. "Duba da kyau kafin ka saya."