Ranar da Na Yi wa Mahaifina Tafinta

Mahaifina maƙeri ne, ɗan maƙeri, a wani ƙauye da ke arewa da Tasawa. Daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Urafan tafiyar hantsi ce a ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, kuma ni kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidanmu, ba da son ransa ba. Da na gama karatu na samu aiki a Tasawa, a wani biro na gwamnati mai kula da daji da itatuwa. Aikina buga takardu, sai kuma tafinta idan mutanen ƙauye sun zo, domin shugabanmu daga yammacin ƙasa aka turo shi, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin nama ba. Shef muke ce masa.

Ƙira ba ta yiwuwa da kowane irin gawayi. Na kiriya ake so. Yana da nauyi, in ya faɗi ƙasa sai ka ji ƙararsa kamar ƙarfe, kuma yana riƙe wuta har bakin hauya ya yi fari ya yi laushi a ƙarƙashin masaba. Ina yaro kiriya ba abin nema ba ce, tana nan birjik a jigawar bayan gari. Fari na farko, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, ya kashe da yawa, na biyu ya zo ya tarar da ƴan tsiraru.

A lokacin soja ke mulki. Kullum rediyo maganar hamada yake, wai tana tahowa daga arewa tana cin ƙasa. Aka kafa doka cewa ba a sare icce sai da takarda, ɗanye ko busasshe, ko da a tsakiyar gonarka yake, domin icce na gwamnati ne. Mutanen gari aka ce su koma girki da risho na kananzir, mai hali ya sayi gas. Amma kananzir ɗin ya yi tsadar da ko na fitila sai an yi tunani kafin a saya. Matata da icce take girki kamar kowa, tana saye wajen masu jakuna da ke shigowa gari ta bayan makabarta don kada su gamu da ma'aikatan bironmu. Da safe in buga dokar a takarda, da rana in dawo gida in ci tuwon da aka tuƙa da iccen nan. Ban taɓa tambayar ta inda ta samo ba.

Shekarar fari na biyu rumbunanmu na ƙauye ba a ko buɗe su ba, don babu abin da aka zuba. Gida mai mutum sama da goma ya koma dogara da buhun hatsin da nake sawa a kamyon kasuwa, babbar motar kaya, duk ƙarshen wata. Hatsin kuwa kullum sai ƙara tsada yake, albashi yana nan inda yake.

Da bazara na je gida. Na tarar da Baba zaune a maƙera, wuta a mace, hauyoyin mutane jingine da bango suna jiran gyara. Ya nuna mini wani gawayi da ya ƙona daga saiwar sabara. Ya murza shi da yatsu biyu ya zama gari.

"Wanga ko ƙusa ba ya tanƙwarawa," in ji shi. Bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. "Kai, kiriyar nan ta gonar tudu, wadda tsoho ya bari, ta mutu tsaye tun bara waccan. An ce wajenku aka bada takarda."

Na san shef ya riga ya ce ba zai sa hannu a takardar kiriya ko ɗaya ba. Ban gaya wa Baba haka ba. Na ce, "Baba, ka ɗan dakata, zan duba."

"In dakata," ya ce. Ya dubi hauyoyin. "Su waɗanga, in ruwa ya sauko, da hannu za su yi noma?"

Na koma Tasawa ban duba komai ba. Sau biyu ina tsayawa ƙofar shef da niyyar yi masa maganar, sai in ga fuskarsa, in miƙa masa takardun da na kawo in fita. Baba ya jira wata guda cur. Daga nan ya ɗauki gatari.

Wata Alhamis da hantsi motar biro ta dawo daga rangadi. Ta taga na hango mutum uku a baya, zaune kan buhuna. Na gane hular tun kafin in ga fuskar. Da ya kama ƙarfen motar zai sauko na ga hannun, duk tabon tartsatsi. Aka sauke buhu huɗu na gawayi da gatura. Yatsuna suka tsaya a kan injin buga takarda.

Sauran biyun masu sayar da icce ne, an san su, aka gama da su nan da nan. Sai shef ya ƙwala mini kira.

A ƙasarmu da sunan uba ake rubuta mutum, amma sunan Baba irin wanda ake samu a kowane gida ne, ba wanda ya lura. Ni na buga shi a takardar da hannuna. Ina iya buɗe baki in ce mahaifina ne. Amma zamanin soja ne. A shekarar nan an ɗauke wani abokin aikinmu an jefa shi can ƙuryar arewa don an ce yana ɗaga wa ƴan garinsu ƙafa. Na tuna buhun ƙarshen wata da bakunan da ke jiran sa. Ban gaya wa shef ba. Baba ya shigo, ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya dube ni sau ɗaya, ya ga inda na tsaya a gefen teburin shef, ya kawar da ido. Shi ma bai nuna ya san ni ba. Ya durƙusa a kan siminti.

Shef ba mugun mutum ba ne. Ya yi karatun daji a waje, kuma tsoron hamada da gaske yake yi, na sha ganin ya tsaya yana kallon yashi da ya rufe rijiya kamar zai yi kuka. Ya yi magana da Faransanci a hankali, ni kuma ina juyawa.

"An ce ka san doka?"

"Na sani."

"An ce ku ne kuke jawo hamada da hannunku. Kowane icce da kuka sare, ruwan sama kuke kora. An ce yunwar da ake ciki, irin wannan aikin naku ne ya kawo ta."

Da bakina na gaya masa wannan, da Hausar da ya koya mini. Baba ya gyara durƙuso ya ɗaga kai, ba ni yake kallo ba, shef yake kallo.

"Hwaɗa mishi iccen nan ba ni na kashe shi ba, gawa na iske. Hwaɗa mishi sa'ad da nike saurayi masu kaya irin nashi sunka zo garinmu da mota, sunka ce gyaɗa gwamnati ka so, a tone kututture, a share gona ƙal don garmar shanu ta wuce. Wanda gonarshi ta hi zama hili shi aka yabo gaban jama'a. Ni na ƙera gaturan da anka yi aikin, ban ɓoye ba. Amma ba mu munka yanke shawara ba. Gyaɗa ta tahi cikin kamyo, icce ma ya tahi cikin kamyo, can birni anka ci anka ƙona. Yanzu ƙasa ta yi tsirara an ce mu ne. To, namu laihin mun ɗauka, shi kuma ya hwaɗi wa zai ɗauki sauran. Kuma ya hwaɗa mani da mi zan ƙera hauya. In babu hauya babu noma, in babu noma shi ma ban san abin da zai ci ba."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba, ko a gida. Shef ya juyo gare ni yana jira. Akwai jandarma tsaye a bakin ƙofa, shi ma baƙo ne a ƙasar Hausa. A waɗannan shekarun maganar da ba ta kai wannan ba tana kai mutum gidan kaso. Na ce da Faransanci, "Ya ce ya yi kuskure, talauci ne ya sa shi, yana neman gafara."

Shef ya gyaɗa kai, ransa ya yi sanyi. Ya ce tunda tsoho ne kuma ya amsa laifinsa, ba tara ba ɗauri. Za a riƙe gatari da gawayi, in damina ta faɗi zai dasa itatuwan da za a kai wa garinsu. Ya dube ni ya ce, "Ka gani, in an yi musu bayani suna ganewa."

Na gaya wa Baba hukuncin. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Malam tafinta, mun gode."

Na so in bi shi, shef ya miƙo mini takardun da za a buga kafin azahar. Na aika a gaya wa matata. Ta same shi a tasha da kwanon tuwo, ta durƙusa ta roƙe shi ya zo gida ya kwana. Ya sha ruwan da ta kawo, ya sa mata albarka, ya ce tuwon a kai wa yara. Ya bi wasu masu raƙuma da za su wajen Urafan.

Buhunan gawayin aka jingine a ɗakin ajiya na bayan biro. Ba a yi mako ba mai gadi ya gano irin gawayin da ke ciki. Da shi aka riƙa dafa shayin la'asar, da shi ake cika dutsen guga ana goge kakin ma'aikata. Kowa yana yaba shi, wai ɗan kaɗan sai ya wuni yana ci. Ana miƙo mini kofi ina karɓa, don in na ƙi sai an tambaye ni dalili. Kusan wata uku muna shan shayi da shi.

Sai bayan sallar layya na iya zuwa gida. Inna ta amsa gaisuwata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Baba yana gindin bango yana tufkar igiya da kaba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya tambayi matata da yara. Na daɗe a durƙushe. Daga baya na ce, "Baba, ranar nan..."

"Ni ban jin nasaranci," ya ce, hannunsa bai bar tufka ba. "Amma ina da kunne. Na ba ka magana mai tsawon igiyar rijiya, kai ka miƙa mishi taƙi guda."

"Tsoro na ji, Baba. Da na hwaɗi yadda ka ce, da sun rufe ka."

"Na sani. Hatsin da ka aiko shi munka ci, ban ce ka yi laihi ba." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta a gwiwa. "Sai dai da ka bari ya ji. Sau guda ke nan a rayuwata na samu mai mulki zaune gabana yana saurare."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban sake ba.

Ruwa ya sauko a shekarar, ba laifi. Masu hauyoyi suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu ba gyara, suka kai wa maƙeran kasuwa masu sayen gawayi a ɓoye daga kudu. An kawo itatuwan dashen cikin ƴan ledoji, Baba ya dasa nasa a bakin hanya kamar yadda aka ce, yana ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba talatin yana ba su. Awaki suka cinye wasu, rani ya ƙarasa sauran. Ba wanda ya zo dubawa.

Ya sake hura wuta sau ƴan kaɗan, in wani ya taho masa da gawayi a ƙasan buhun ƙaiƙayi, amma aikin bai koma yadda yake ba. Fatar zugazugi ta bushe ta tsage. Ƙanena da ya kamata ya gaje shi ya tsallaka Najeriya ci-rani, ya zama mai facin taya, bai dawo da zama ba. Uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kai, wadda kakanmu ya yi aiki a kanta, wani ɗan'uwanmu na wajen Mayahi ya zo da amalanke ya ɗauka. Baba da kansa ya taya shi ɗorawa.

Na ci gaba da aiki a biron har na yi ritaya. Ina nan aka sauya doka, aka ce iccen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, ya sassabe reshe ya yi amfani da shi ba mai kama shi. Ni na buga wannan takardar ma. Yau in ka bi hanyar garinmu za ka ga gawo da kalgo sun tashi a gonaki. Kiriya dai ba ta dawo ba, an ce tana da jinkirin girma. Baba bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ya rasu da kaka, shekara shida bayan ranar nan, bayan ciwon ƙirji na ƴan kwanaki. Ina rangadi wajen Isawan saƙo ya same ni, kafin in samu mota in iso an riga an kai shi. Na tarar da maza zaune a ƙofar gida kan tabarmi, na karɓi gaisuwa, sannan na shiga wajen Inna. Ta tura mini ƙwaryar ruwa ta gefe, ba ta dube ni ba. Ta ce ranar Laraba ya ɗan samu sauƙi har ya sha kunu, ya sa aka fitar da shi inuwar zaure. Sau biyu yana tambaya ko kamyon Tasawa ya shigo.